Malaman Ilorin 49 da ka'idar korar malamin jami'a

A watan Mayun 2001 Jami'ar Ilorin ta sallami malamanta 49 daga aiki. A lokacin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, ASUU, tana yajin aiki a faɗin ƙasa, hukumar jami'ar kuma, ƙarƙashin Farfesa Shuaib Oba Abdulraheem, ta ce ita ba za a rufe mata makaranta ba. Aka buɗe rajista, aka ce duk mai son aikinsa ya zo ya sa hannu ya koma aji. Wasu suka sa, wasu suka ƙi. Waɗanda suka ƙi, tare da shugabannin reshen ƙungiyar, aka miƙa musu takardun sallama. A cikinsu akwai farfesoshi, akwai likitoci masu koyar da ɗaliban likitanci.

Maganar ta shekara takwas tana yawo daga wannan kotu zuwa waccan. Babbar Kotun Tarayya da ke Ilorin ta ba malaman gaskiya a 2005. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a 2006. Sai a watan Yunin 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da mutum biyar na farko bakin aiki, ciki har da shugaban reshen, Dokta Taiwo Oloruntoba-Oju, sannan a watan Disamba ta mayar da sauran 44, ta kuma ce a biya su albashi da alawus na duk shekarun da suka yi a waje. Wasu daga cikinsu hukuncin bai same su da rai ba.

Wanda bai saba da harkar shari'a ba zai ce, to mene ne abin wahala a nan? Mutum ya ƙi zuwa aiki, wanda ya ɗauke shi ya sallame shi. Ko a Kantin Kwari haka ake yi: yaron shago ya kwana uku bai fito ba, maigida ya ce ya ajiye makulli. Amsar tana cikin bambancin da dokar Najeriya ta yi tsakanin aiki da aiki. Akwai aikin da yake tsakanin ubangida da yaronsa, wanda yarjejeniyar da suka ƙulla ce kaɗai ke ɗaure su. A irin wannan, bisa tsohuwar ka'ida, ko da an kori mutum ba daidai ba, abin da kotu ke ba shi diyya ce, yawanci kuɗin wa'adin da ya kamata a ba shi, domin kotu ba ta cusa wa ubangida yaron da ba ya so. Akwai kuma aikin da lauyoyi ke cewa yana da ɗanɗanon doka, wato wanda wata doka ta majalisa ta zayyana yadda za a ɗauki mutum da yadda za a cire shi. A nan idan aka tsallake hanyar da doka ta shata, kotu ba ta cewa an yi kora mara kyau. Cewa take yi ba a yi korar ba sam. A idon doka mutumin yana nan a kan kujerarsa tun ranar farko, albashinsa na taruwa.

Shari'ar da ta kafa wannan a kan malaman jami'a ita ce ta Farfesa Olaniyan da abokansa biyu da Jami'ar Legas, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1985. Jami'ar ta sallame su ne bayan rahoton wani kwamitin ziyara, wato kwamitin binciken da gwamnati ke tura wa jami'a, ya zarge su, amma a takardar sallama ba ta ambaci laifi ba. Ta dai haɗa musu da albashin wata shida a madadin wa'adi, ta ce yarjejeniyar aiki ta ba ta damar yin haka. Kotu ta ce a'a. In dai zargin aikata ba daidai ba ne ya sa ake son raba mutum da aikinsa, to a bi sashen dokar jami'a da ya yi magana a kan haka. Ba a ɓoye zargi a aljihu a fito da kuɗin wa'adi.

Sashe na 15 na dokar da ta kafa Jami'ar Ilorin shi ne wanda aka taka a 2001, kuma kusan duk dokokin jami'o'in tarayya suna da irinsa. Abin da ya ce ba shi da tsawo. Idan majalisar gudanarwar jami'a ta ga akwai dalilin cire ma'aikaci saboda rashin ɗa'a ko gazawa, dole ta sanar da shi dalilan. Dole ta ba shi dama ya zo da kansa ya yi bayani a gabanta. Sannan idan shi, ko mutum uku daga cikin 'yan majalisar, suka nema cikin wata ɗaya, dole a kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisar gudanarwa da majalisar malamai, wadda ake kira Sanet, ya binciki maganar, ya saurari wanda ake zargi, ya kawo rahoto. Bayan an duba rahoton ne majalisa za ta iya cire shi. Shugaban jami'a yana da ikon dakatar da ma'aikaci idan abu ya yi tsanani, amma dakatarwa ba kora ba ce: mutum yana karɓar rabin albashi, kuma cikin wata uku dole majalisa ta zauna a kan batunsa.

Matakai biyu na farko ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da Annabi (SAW) ya tura Sayyidina Ali Yaman a matsayin alƙali, ya gargaɗe shi kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ma abin da yake faɗa ke nan da harshen lauyoyi. Akwai kuma ƙaninsa: mai ƙara ba ya zama alƙali. A 1983 ɗalibai sun yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kafa kwamitin bincike, aka ɗora mataimakin shugaban jami'a ya jagorance shi, alhali yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Aka kori ɗalibai. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. Ɗalibai ne a can ba malamai ba, amma ka'idar ɗaya ce, kuma har yau lauyoyin malamai da ita suke kafa hujja.

Mataki na uku ne nake ganin mutane ba su cika lura da shi ba, kuma a nan nama yake. Me ya sa doka ta ce sai an sa Sanet a cikin binciken? Ai majalisar gudanarwa ce mai ɗaukar aiki, ita ce mai kuɗi, ita ce mai sa hannu.

Jami'a ba a gina ta kamar kamfani ba, inda umarni ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Iko a cikinta a rabe yake da gangan. Majalisar gudanarwa tana riƙe da kuɗi, da kadarori, da ɗaukar ma'aikata. Sanet, wadda farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa suka cika, ita ke riƙe da karatu: abin da za a koyar, wanda za a ɗauka, wanda ya ci jarrabawa, wanda ya cancanci digiri. Shugaban jami'a yana tsakiya. Shi ke jagorantar Sanet, kuma ɗan majalisar gudanarwa ne, amma ba shi ne shugabanta ba. A can sama akwai wanda doka ta kira mai ziyara, shugaban ƙasa a jami'o'in tarayya, gwamna a na jihohi. Gyaran dokar da aka yi a 2003, wanda ake kira dokar 'yancin jami'o'i, ya sa a cikin majalisar gudanarwar kanta akwai wakilai huɗu da Sanet ke zaɓa, da biyu daga babban taron ma'aikata masu digiri, da ɗaya daga taron tsofaffin ɗalibai, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da waɗanda gwamnati ta naɗo daga waje.

To korar malami ta faɗo daidai kan iyakar gonakin biyu. Magana ce ta aiki da albashi, don haka ta majalisar gudanarwa ce. Amma kuma magana ce ta wa zai tsaya gaban ɗalibai, da abin da aka yarda ya faɗa musu, don haka ta Sanet ce. Idan aka ce malamin tarihi ya kauce wa manhaja, ko malamin kimiyya ya saci binciken wani, ko an ce mai duba jarrabawa ya yi son kai wajen ba da maki, tsohon ɗan siyasar da aka naɗa shugaban majalisa ba shi da ma'aunin gane gaskiyar zargin. Abokan sana'a ne ke da shi. Kuma idan zargin fakewa ne da guzuma don a harbi karsana, su ne za su fi saurin ganewa, domin sun san wa ya taka wa a taron da ya wuce. Duk ranar da aka iya korar malami ba tare da abokan aikinsa sun ga hujja ba, ikon Sanet a kan karatu ya zama na takarda. Farfesan da ya san wasiƙa ɗaya ta isa ta raba shi da gidan da yake ciki da makarantar 'ya'yansa ba zai ɗaga hannu a taro ya ce sakamakon ɗan wane bai cika ba.

Tsarin jami'o'inmu daga Ingila muka gaje shi, amma inda aka fi tsefe wannan batu a rubuce Amurka ce, kuma su ma wuya ce ta koya musu. A 1900 Jami'ar Stanford ta rabu da wani malami mai suna Edward Ross saboda Jane Stanford, matar attajirin jiragen ƙasa da ya kafa jami'ar, ba ta son maganganunsa a kan kamfanonin jirgin ƙasa da ma'aikata baƙi 'yan Asiya. Ra'ayin Ross a kan baƙin nan ba abin yabo ba ne, wariya ce tsagwaronta, kuma wannan ma darasi ne: ka'ida ba don mutanen kirki kaɗai ake kafa ta ba. Malamai da dama suka ajiye aiki don nuna fushi, ciki har da Arthur Lovejoy, wanda daga baya shi da John Dewey suka jagoranci kafa ƙungiyar farfesoshin Amurka, AAUP, a 1915. Sanarwarsu ta farko ta kwatanta farfesa da alƙali: hukuma ce ke naɗa shi, amma ba ta da ikon gaya masa hukuncin da zai yanke. A 1940 suka fitar da matsaya cewa malamin da ya wuce shekarun gwaji ba a cire shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A 1958 suka zayyana hanyar: tuhuma a rubuce, zama a gaban kwamitin malamai da malamai suka zaɓa, damar zuwa da mai ba da shawara, damar yi wa shaidu tambayoyi, da rubuta duk abin da aka faɗa. Idan hukumar amintattu, wato takwarar majalisar gudanarwa a can, ba ta gamsu da abin da kwamitin ya yanke ba, sai ta mayar masa da maganar tare da dalilanta. A 1966 kuma suka haɗu da ƙungiyoyin shugabannin jami'o'i da na amintattu a kan cewa a batun matsayin malamai, har da kora, malamai ne ke da alhakin farko, kuma bai kamata hukuma ta saɓa musu ba sai nadiran, da dalili mai ƙarfi da za ta bayyana dalla-dalla. Waɗannan takardu ba dokar ƙasa ba ne. Makamin ƙungiyar shi ne ta yi bincike ta sa sunan jami'a a jerin waɗanda ta yi wa tambarin Allah wadai. A wannan fuska malamin jami'ar gwamnati a Najeriya ya fi takwaransa na can kariya a rubuce, tunda tasa kariyar a cikin doka take.

A rubuce, na ce. Zamanin soja ya nuna yadda ake zagaye ta. Dokar soja mai lamba 17 ta 1984 ta ba hukuma damar sallamar ma'aikacin gwamnati, ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa. Bayan rikicin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na 1986, kwamitin Manjo Janar Emmanuel Abisoye ya shahara da zargin cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. A 1987 Jami'ar Benin ta kori Festus Iyayi yana shugaban ASUU na ƙasa. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1995 kuwa gwamnatin Abacha ta ɗora wa jami'ar ta Zariya kantoma, Manjo Janar Mamman Kontagora, mutum ɗaya riƙe da ikon da doka ta raba wa majalisu. Abin da ya sa na Ilorin ya yi ɗaci shi ne ya faru shekara biyu bayan soja sun koma bariki, kuma ba janar ne ya yi shi ba, farfesa ne.

Akwai ƙorafin da ba zan share ba, domin gaskiya ne. Iyaye da ɗalibai suna cewa wannan doguwar hanya mafakar miyagu ce: malami ya nemi ɗaliba da lalata ko ya sayar da maki, a kafa kwamiti na abokan shan shayinsa, magana ta bi ruwa. Yana faruwa. Kwamitin abokan aiki yana iya zama kwamitin rufa-rufa, kuma ɗalibar da ta kai ƙara ita ke zama a aji ɗaya da almajiran wanda ta kai. Sai dai maganin wannan ba shi ne a ba mutum ɗaya wuƙa da nama ba, domin mai wuƙar shi ma yana da abokan shan shayi. Hanyar da aka bi da kyau ba ta hana kora. Ita ce ma ke sa korar ta zauna. Jami'ar Obafemi Awolowo ta bi matakanta ta kori wani farfesa a 2018 kan neman lalata da ɗaliba don maki, kotu kuma ta ɗaure shi shekara biyu a wannan shekarar. Ita kanta Jami'ar Ilorin, a 1999, Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da korar wani malaminta a shari'ar Bamgboye, saboda an tuhume shi, an saurare shi, sannan aka yanke. Jami'a ɗaya, sashe ɗaya na doka. Abin da ya bambanta shari'un biyu shi ne a ɗaya an yi haƙurin zama a ji bahasi, a ɗayar an yi gaggawa.

Shugabannin jami'a da ke ganin ka'idar a matsayin ƙarfen ƙafa su ma a ƙarƙashin inuwarta suke. A watan Agustan 2020 majalisar gudanarwar Jami'ar Legas, ƙarƙashin Wale Babalakin, ta yi zama a Abuja ta sanar da tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe. Dokar 2003 ta ce kafin a tsige shugaba sai an kafa kwamitin haɗin gwiwa, uku daga majalisar gudanarwa, biyu daga Sanet, ya yi bincike. Sanet ta ce ba a yi haka ba, ta ƙi amincewa. Gwamnatin tarayya ta tura kwamitin ziyara na musamman, kuma a watan Nuwamba aka mayar da Ogundipe, bisa dalilin cewa ba a bi hanya ba, ba a kuma ba shi damar kare kansa ba. Wata uku ya ɗauka. Malaman Ilorin shekara takwas.

Wannan tazara ita ce raunin tsarin gaba ɗaya. Nasara a kotu bayan shekara takwas ba ta dawo da ɗalibin digiri na uku da ya rasa mai duba aikinsa, ba ta dawo da binciken da ya tsaya, ba ta dawo da ƙarin girman da sa'o'in mutum suka samu yana zaune a gida. Shugaban da aka yi korar a zamaninsa ya kammala wa'adinsa tun 2002. Bashin albashin ya faɗo kan wata hukumar daban, daga baitulmalin jama'a. Wanda ya karya ka'ida bai biya ko kwabo daga aljihunsa ba, kuma duk mai riƙe da ofis ya ga haka. Tun 2011 irin waɗannan ƙararraki sun koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka ba hurumin rikicin aiki ita kaɗai, amma ɗabi'ar a kora tukuna a haɗu a kotu ba ta mutu ba. A 2017 gwamnan Kogi Yahaya Bello ya haramta ASUU a jami'ar jihar da ke Anyigba, aka sallami malamai fiye da ɗari. A jami'o'in jihohi abin ya fi sauƙin faruwa, domin mai ziyara shi ne mai biyan albashi, shi ne mai naɗa majalisa, kuma gidansa ba nisa. A watan Yunin 2023 kuma gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwar jami'o'inta gaba ɗaya, aka yi kusan shekara babu su. Doka ta ce majalisa ce ke sanar da tuhuma, ita ke sauraro, ita ke cirewa. In babu majalisa, duk wanda aka ladabtar a wannan tsakani, wa ya ladabtar da shi?

Sai kuma abin da ba a son faɗa a taron ƙungiya. Bayan 2001 reshen ASUU na Ilorin ya rabu da uwar ƙungiya, jami'ar ta yi shekaru ba ta shiga yajin aikin ƙasa. Ɗalibanta suna shiga su fita a kan lokaci, sauran jami'o'i na rufe wata biyar, wata shida. Shekara da shekaru ita ce jami'ar da masu rubuta jarrabawar JAMB suka fi zaɓa a Najeriya. Uban da ya ga 'yarsa ta gama digirin shekara huɗu a shekara huɗu ba zai zauna ya yi ta juyayin sashe na 15 ba, kuma ni ba zan ga laifinsa ba. Amma Kotun Ƙoli ba ta hana jami'ar ladabtar da kowa ba. Da ta rubuta wa kowane ɗaya daga cikin 49 ɗin tuhumarsa, ta kira shi gaban majalisa, ta kafa kwamitin haɗin gwiwa ga wanda ya nema, da wataƙila wasu sun tafi har abada, wasu sun tsira, wasu an ja musu kunne. Zaman da zai ci 'yan watanni ne. Kuma a wannan zaman dole wakilan Sanet su kalli abokan aikinsu ido da ido, su faɗa da bakinsu ko ƙin sa hannu a rajista lokacin yajin aikin ƙasa laifi ne da ya kai a raba farfesa da aikinsa. Wannan tambayar ce ba a taɓa kai ta gabansu ba.